Kifi Ma Yana Numfashi: Kula da Iskar Tafkin Kifi na Cikin Gida

(Jawabin da aka gabatar a zauren taron shekara-shekara)





Gabatarwa

An buƙaci in yi magana a kan kiwon kifi a gida. Da yake fagen yana da faɗi, lokaci kuma kaɗan ne, sai na zaɓi in tsaya a kan abu guda wanda ido ba ya ganinsa, amma shi ne ya fi komai saurin jawo wa mai kiwo asara, wato iskar da ke cikin ruwan tafki.

Kiwon kifi na zamani ya daɗe da shigowa Arewa, domin tun farkon shekarun 1950 aka kafa gonar kifi ta Panyam a ƙasar Filato. A yau Nijeriya ce ke kan gaba a duniya wajen kiwon tarwaɗar Afirka, kuma sana'ar ta fito daga manyan gonaki ta shigo bayan ɗakunanmu. Wani ya gina kwami na siminti a gefen lambu, wani ya kafa na tamfol, wani ya yanka tankin roba, wani kuma ya haƙa ɗan tafki a tsakar gida domin ƙawa da hutawar yamma. Dukkansu doka ɗaya ce ke kansu, ko sun san ta ko ba su sani ba.

Ni dai da asara na koyi wannan doka. Wata shekara a ƙarshen watan Afrilu, ina da karfasa da suka kusa isa sayarwa a kwamin bayan gidana. Da yamma na zuba musu abinci har da ƙari, suka cinye, na kwanta ina murna. Cikin dare aka ɗauke wuta, ɗan famfon da ke motsa ruwan ya tsaya, ga zafi babu ko kaɗawar ganye. Da na fito bayan asuba sai na tarar manya-manyan sun juya ciki sama, ƙananan kuma sun taru a saman ruwa suna buɗe baki. Maƙwabta suka ce guba ce aka zuba, wasu suka ce annoba ce. Daga baya na gane cewa babu wanda ya yi mini sharri. Kifayena shaƙewa suka yi a cikin ruwa, kamar yadda mutum zai shaƙe a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga.

Iskar da ke Cikin Ruwa

Kifi yana buƙatar iskar oksijin kamar yadda muke buƙatarta. Yana zuƙar ruwa ta baki, ya fitar da shi ta gefen kansa, inda waɗansu jajayen nama masu kama da matsefi suke tace iskar da ta narke a cikin ruwan su shigar da ita jini. Matsalar ita ce abin da ruwa ke iya riƙewa ɗan kaɗan ne ƙwarai. Kashi 21 cikin 100 na iskar da muke shaƙa oksijin ce, kuma lita ɗaya ta wannan iska tana ɗauke da kusan miligiram 280. Amma lita ɗaya ta ruwa mai sanyin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos, ko an cika ta maƙil, ba ta wuce miligiram 9. Kun ga ke nan abin da kifi ke samu bai kai kashi ɗaya cikin talatin na abin da muke samu ba.

Bugu da ƙari, gwargwadon zafin ruwa, gwargwadon raguwar iskar da yake riƙewa. A digiri 25 abin yana saukowa zuwa wajen miligiram 8.3, a digiri 30 zuwa 7.5, a digiri 35 kuwa bai cika 7 ba. A daidai wannan lokaci jikin kifi, wanda zafinsa ke bin zafin ruwa, yana ƙara saurin aiki, buƙatarsa ta iska tana ƙaruwa. Saboda haka bazara tana matsa wa kifi ta fuska biyu: abin shaƙa ya ragu, buƙata ta ƙaru. Masana kiwon kifi suna son kada iskar tafki ta gaza miligiram 5 a kowace lita in ana son kifi ya ci ya girma. In ta sauko ƙasa da 3, kifi ya shiga wahala, in kuma ta daɗe a ƙasa da 1 zuwa 2, sai mutuwa ta fara.

Bari mu yi ɗan lissafi. Kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin mita 1, yana cin lita 6,000. A zafin digiri 30, duk iskar oksijin da ke cikinsa giram 45 ce kacal. Kilo ɗaya na karfasa da ta ƙoshi tana shan kimanin miligiram 300 a awa guda a ruwa mai ɗumi. In akwai kilo 20 na kifi a ciki, suna shan giram 6 ke nan kowace awa. Idan babu abin da ke mayar da iskar, cikin awa huɗu da rabi za ta sauko zuwa miligiram 3 a lita. Daren namu kuwa ya kusa awa goma sha biyu, kuma ba kifi kaɗai ke numfashi a cikin tafkin ba.

Masu Kawo Iska da Masu Cinye Ta

Hanya biyu ce iska ke shiga ruwan tafki. Ta farko ita ce fuskar ruwa, inda ruwa da sarari suke haɗuwa. Wannan hanya tana da nawa matuƙa in ruwa yana kwance, domin oksijin tana ratsa ruwa a hankali, kusan ninki dubu goma ƙasa da yadda take ratsa sarari. Sai an motsa ruwan, na ƙasa ya hau sama, na sama ya sauka, sannan iska ke isa ko'ina. Hanya ta biyu ita ce tsirran ruwa, musamman ƙananan gansakuka waɗanda ke mayar da ruwa kore. Da rana suna amfani da hasken rana su fitar da oksijin, har ruwan ya cika ya batse wajen la'asar.

Sai dai da zarar rana ta faɗi, wannan gansakuka da ke ciyar da tafki da iska sai ta daina bayarwa, ta ci gaba da sha. Ga kifi yana sha. Ga kuma ƙwayoyin bakteriya da ke ruɓar da kashin kifi, ragowar abinci da ganyayen da suka faɗo, su ma suna sha dare da rana. Har ma waɗanda ke mana aikin alheri, masu sarrafa sinadarin amoniya mai guba da kifi ke fitarwa, suna cinye fiye da giram 4 na oksijin a kan kowane giram ɗaya na naitirojin da suka sarrafa. Don haka iskar tafki tana hawa da rana, tana sauka da dare, kuma mafi ƙarancinta shi ne gab da fitowar rana. Wanda ya duba tafkinsa da la'asar ya ga kifi na wasa, ya ce lafiya lau, ya duba ne a lokacin da ba a samun matsala.

Lokutan Hatsari

A ƙasarmu akwai lokuta huɗu da ya kamata mai tafki ya buɗe ido. Na farko shi ne bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, tankin roba ko tamfol da ke rana kuwa ruwansa yana ɗumama da wuri.

Na biyu shi ne ruwan farko na damina, musamman ga tafkin ƙasa mai zurfi. A lokacin zafi ruwan tafki yana rabuwa hawa biyu: na sama mai ɗumi da iska, na ƙasa mai sanyi wanda iskarsa ta ƙare. Idan hadari ya taso da guguwa aka sheƙa ruwa mai sanyi, sai na sama ya nutse, na ƙasa ya taso da dattinsa, iskar tafkin gaba ɗaya ta faɗi cikin ɗan lokaci. Wannan shi ne dalilin da ya sa akan ga matattun kifaye a kududdufi washegarin ruwan farko.

Na uku shi ne kwanakin da rana ba ta fitowa sosai, kamar lumshin watan Agusta ko hazon hunturu mai kauri. In aka jera kwana biyu ko uku a haka, gansakuka ba ta tara isasshiyar iskar da za ta kai tafki asuba.

Na huɗu shi ne ranar da gansakukar ta mutu gaba ɗaya, ko don ta yi yawa, ko don an zuba magani. Ruwan da yake kore shar sai ya koma ruwan kasa ko toka-toka. A ranar, mai kawo iska ya mutu, gawarsa kuma ta zama abin ruɓewa da ke cinye ragowar.

Tarwaɗa da Karfasa

Na san wani zai ce shi tarwaɗa yake kiwo, ita kuwa ko a taɓo tana rayuwa. Gaskiya ne, tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a cikin kanta wadda ke ba ta damar shaƙar iskar sarari kai tsaye, shi ya sa take leƙowa ta haɗiyi iska ta koma, kuma shi ya sa ake iya tara ta da yawa a kwami ɗaya. Karfasa da yawancin kifayen ƙawa ba su da wannan gata. Amma akwai abu biyu da ya kamata a lura. Na ɗaya, 'ya'yan tarwaɗa na makonnin farko wannan gaɓa ba ta gama fitowa a jikinsu ba, da iskar ruwa kaɗai suke rayuwa, kuma a nan ne masu ƙyanƙyasa suka fi tafka asara. Na biyu, babbar tarwaɗa a ruwan da ba shi da iska tana ɓata ƙarfinta wajen hawa da sauka, cin abincinta yana raguwa, amoniya tana taruwa, cuta kuma tana samun ƙofa. Ba za ta mutu a dare ɗaya ba, amma buhun abincin da ya kamata ya zama nama sai ya tafi a banza.

Alamomin da Za a Lura da Su

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma tafki yakan yi gargaɗi kafin ya kashe. Idan ka fito da sassafe ka ga karfasa sun taru a sama suna buɗe baki, ko sun yi cincirindo a inda sabon ruwa ke zubowa, iska ta yi ƙaranci. Idan tarwaɗa sun rataye a tsaye, kai sama wutsiya ƙasa, ba sa gudu in ka matso, ruwan ya lalace. Haka nan in kifi ya ƙi cin abincin da ya saba wawasa, ko ruwa ya fara wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ko kumfa ta kwanta a sama ta ƙi bajewa. Wata alama kuma ita ce manyan kifaye su riga ƙanana mutuwa, kuma su mutu da yawa a dare ɗaya. Cuta takan ɗauki kifi ɗaya-ɗaya cikin kwanaki.

Akwai gwaji mai sauƙi na gane yawan gansakuka. A shekarar 1865 wani masani ɗan Italiya mai suna Angelo Secchi ya ƙirƙiro farin faifai da ake nutsarwa a ruwa a auna zurfin da ya ɓace wa ido, kuma har yau ana amfani da shi. A tafkin kifi, zurfin santimita 30 zuwa 45 shi ne daidai, ƙasa da 20 kuwa ruwa ya yi kauri. Wanda ba shi da faifai sai ya tsoma hannunsa: in tafin hannu ya ɓace tun ruwa bai kusa gwiwar hannu ba, lokacin rage ruwa da rage abinci ya yi. Wanda yake da hali ya sayi na'urar auna oksijin ko maganin gwaji na ɗigawa, amma ya riƙa aunawa da asuba.

Hanyoyin Ba Ruwa Iska

Hanya ta farko ba ta cin ko kwabo, ita ce rage masu cinye iskar. Kada a cusa kifi fiye da ƙarfin tafki. Kada a zuba abincin da ya wuce abin da za su cinye cikin minti goma zuwa goma sha biyar, domin kowane kilo na abinci da kifi ya ci yana buƙatar kimanin giram 250 na oksijin kafin jiki ya sarrafa shi, wanda ya nutse kuwa ruɓewa zai yi. A lokacin zafi a ba da babban kaso da hantsi, bayan rana ta ɗaga iska ta fara dawowa, a guji ƙoshi mai nauyi da almuru. A riƙa kwashe ganyen mangwaro da na darbejiya da ke faɗowa, a kuma zuƙe dattin ƙasan kwami da tiyo.

Ta biyu ita ce inuwa. Rumfar zana ko ta raga a kan rabin tafki tana rage zafin ruwa, tana kuma hana gansakuka yin yawa. Bado yana da kyau a tafkin ƙawa, amma kada shi ko kainuwa su rufe fiye da sulusi zuwa rabin fuskar ruwa, domin in suka rufe duka sun toshe ƙofar da iska ke shiga.

Ta uku ita ce yadda ake zuba ruwa. Mutane da yawa suna zaton ruwan burtsatse, tunda garai-garai yake, yana cike da iska. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa kusan babu oksijin a cikinsa, sau da yawa ma yana ɗauke da iskar kabon mai yawa. Saboda haka kada a nutsar da bakin tiyo a ƙasan kwami. A ɗaga shi sama, a sa ruwan ya faɗo ta bututu mai huji-huji, ko ya fantsama a kan faranti ko duwatsu kafin ya shiga. Ruwan famfo kuwa a bar shi ya kwana a buɗe saboda sinadarin kulorin da ake sa masa. Tsohon ruwan da aka fitar kada a zubar da shi a kwata, taki ne mai kyau ga alayyafo, tumatir da zogale.

Ta huɗu ita ce na'ura. Akwai ƙaramin injin hura iska da ake jona wa siririn tiyo da wani dutse mai ƙananan ƙofofi a nutsar a ƙasa. Kumfar da ke tasowa tana narkar da iska a hanya, kuma tana turo ruwan ƙasa zuwa sama, wanda a tafki marar zurfi shi ne babban amfaninta. Ƙananan kumfa sun fi manya aiki. A ajiye injin a inuwa, sama da tsayin ruwa, domin in yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa zai iya biyo tiyo ya shige shi. Akwai kuma famfon ruwa da ke feshi sama ko ya zubo ta kan duwatsu kamar magangara, wanda ya haɗa ƙawa da amfani. Sai dai a tabbata yana jawo ruwa daga can ƙasa, kuma a haɗa wayoyinsa da kyau nesa da hannun yara.

Batun Wuta

A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure. Mukan kunna feshin ruwa da yamma domin baƙi su gani, mu kashe in za mu kwanta. Wasu kuma sun sayi famfo mai aiki da sola kai tsaye ba tare da batir ba, wanda ke aiki da tsakar rana lokacin da tafki ya ƙoshi da iska, ya tsaya da faɗuwar rana lokacin da ake nemansa. In ba za a iya kunna na'ura dare da rana ba, to a zaɓi dare, daga wajen ƙarfe goma har rana ta ɗaga.

Abin ba shi da tsadar da ake zato. Injin iska mai cin wat 20, in ya yi awa 12, ya ci wat-awa 240. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, ko rabinsa aka yi amfani da shi domin kada ya lalace, ya isa dare biyu. A gwada kuɗin wannan batir da kuɗin abincin wata huɗu ko biyar da ke iya salwanta a dare ɗaya.

Taimakon Gaggawa

Idan ka fito ka tarar kifi na haki, kada ka tsaya neman magani. Da farko dakatar da abinci na yini ɗaya ko biyu, yunwar kwana biyu ba ta kashe kifi. Sannan ka fitar da kimanin sulusin ruwan daga ƙasa, ka mayar da sabo ta hanyar fantsamawa. In babu wuta, ka ɗebi ruwan tafkin da bokiti ko ƙwarya ka riƙa sheƙa shi daga sama, ka kira yara su taya ka, ku ci gaba har rana ta fito. A tafkin ƙasa a kiyaye tayar da taɓo, domin shi ne matattarar guba. A kwashe matattu nan take, in kuma akwai wani mazubi a raba kifin biyu. Mai neman ƙarin ilimi kuwa, akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa a Jihar Neja, da kuma malaman gona na sashen kifi a jihohinmu.

Kammalawa

Ranka ya daɗe, iyayena da 'yan'uwana, mun saba auna kiwo da abin da muke gani: girman kwami, yawan kifi da buhunan abinci. Amma yawan kifin da tafki zai iya riƙewa, iskar da ta rage a cikinsa da ƙarfe biyar na asuba ce ke yanke shi. Roƙona ga duk mai tafki a cikinmu shi ne, a wannan bazara mai zuwa, ya ɗauki tocila ya leƙa kifinsa kafin fitowar rana, ko sau biyu ne a mako. Abin da zai gani a wannan lokaci zai gaya masa ko ya rage abinci, ko ya rage kifi, ko ya nemi injin iska, tun kafin asara ta koya masa kamar yadda ta koya mini. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.